Gasar 'Yan Kasuwa a Talabijin: Ta Dace da Yara Kuwa?

Akwai shirin da uba zai gani a talabijin ya yi wuf ya canza tasha tun yara ba su ɗago kai ba. Akwai kuma wanda zai bari, har ya ji a ransa cewa yau dai yaran suna kallon abin kirki. Gasar 'yan kasuwa tana cikin kashi na biyu. Ba rawa, ba harbe-harbe, ba dodanni. Mutane ne sanye da kwat suna maganar jari da riba. A gidan da ake cin abinci da saye da sayarwa, kamar yawancin gidajenmu, wa zai hana ɗansa jin maganar riba? Sai dai abin da ya shigo gida da sunan ilimi shi ya fi wuyar tacewa, domin ba a cika tsare masa ƙofa ba.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a fara raba shirye-shiryen, don iri biyu ne, kuma halinsu ya sha bamban.

Iri na farko shi ne na neman jari. Mutum ya shigo ɗaki da kayansa, ya tsaya gaban attajirai huɗu ko biyar, ya ce ga abin da nake yi, ga kuɗin da nake nema, ga kason da zan bayar daga kamfanina. Su yi masa tambayoyi, su taya ko su janye. Tashar Nippon TV ce ta fara wannan salo a Japan a 2001. BBC ta ɗauka a 2005 ta sa masa suna Dragons' Den, sannan tashar ABC ta Amurka ta fito da nata, Shark Tank, a 2009. Iri na biyu shi ne na kora. A tara matasa goma sha wani abu, a raba su gida biyu, a ba su aikin sayar da wani kaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ɓangaren da ya sha kaye ya koma ɗakin taro, mai gida ya nuna ɗaya da yatsa ya ce an kore shi. Wannan shi ne The Apprentice, wanda Mark Burnett ya ƙirƙira, tashar NBC ta fara nunawa a 2004, Donald Trump yana kan kujerar mai gida. Shekara guda bayan haka BBC ta yi nata da Alan Sugar, wanda ya kafa kamfanin Amstrad. Najeriya ma ba a bar ta a baya ba: a 2008 aka yi The Apprentice Africa a Legas, Biodun Shobanjo yana jagoranta, Bank PHB yana ɗaukar nauyi, wani ɗan Ghana, Isaac Dankyi-Koranteng, ya lashe. A shekarar ce kuma aka yi Dragons' Den na Najeriya.

Yana da kyau a riƙe cewa Burnett shi ne ya shirya Survivor na Amurka, inda ake jefa mutane a tsibiri su yi ta ƙulle-ƙulle suna fitar da juna. Tsarin nan ya kwaso ya kawo birnin New York, ya sa wa 'yan takara kwat. Wato asalin The Apprentice wasan fitar da juna ne, kasuwanci kuwa fili ne kawai da aka zaɓa a buga shi.

Alherin da ke cikin shirin neman jari ba ƙarami ba ne, kuma ni ina cikin masu ganin haka. Ɗauki lissafi kawai. A 2012 wani mutum mai suna Aaron Krause ya kawo soson wanke-wanke mai suna Scrub Daddy a Shark Tank, ɗaya daga cikin attajiran, Lori Greiner, ta ba shi dala 200,000 a kan kashi 20 cikin ɗari na kamfanin. Yaron da ke aji biyar ko shida na firamare zai iya zama ya gano cewa in kashi 20 ya kai dala 200,000, to an yi wa kamfanin gaba ɗaya kuɗi dala miliyan ɗaya ke nan. Malamin lissafi zai yi mako yana fama da allo kafin ya cusa wannan a kan yara. A nan kuwa yaron da kansa yake son ya sani, don yana son ya gane wa ya ci ribar cinikin. Haka tambayoyin da attajiran ke maimaitawa a kowane mako. Nawa kake kashewa kafin ka haɗa guda ɗaya? Nawa kake sayarwa? Nawa ka sayar bara? Akwai bashi a kanka? Me zai hana wani ya kwaikwaye ka gobe? Duk wanda ya taɓa zama a shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi ya san waɗannan tambayoyin, ko da ba da Turanci ya ji su ba. Yaron da ya saba jin su zai gane da wuri cewa kuɗin da ke cikin aljihun mai shago da yamma ba duka ne riba ba, akwai uwar kuɗi a ciki, kuma wanda ya ci uwar kuɗi ya rufe shago.

Akwai kuma abin da ido ke gani. Daymond John, ɗaya daga cikin attajiran Shark Tank, baƙar fata ne da ya fara da ɗinka huluna a gidan mahaifiyarsa a unguwar Queens kafin kamfaninsa na tufafi, FUBU, ya bunƙasa. Barbara Corcoran, wata attajirar shirin, da rancen dala 1,000 ta fara dillancin gidaje a New York. A Ingila, Levi Roots, haifaffen Jamaika, ya shiga Dragons' Den a 2007 da miyar yaji ta kwalba da jita a hannu, ya fito da fam 50,000 a kan kashi 40, ba a daɗe ba miyar ta shiga manyan kantuna. Yara ma sun tsaya gaban attajiran Shark Tank. Moziah Bridges na birnin Memphis yana ɗan shekara 11 ya je da 'yan ƙananan ɗaurin wuya da kakarsa ta koya masa ɗinkawa. Mikaila Ulmer ta jihar Texas ta je da lemon da ake zaƙaƙa shi da zuma, ta samu dala 60,000 a 2015 tana 'yar firamare. Yarinyar da ta ga sa'arta ta tsaya gaban manya tana amsa tambaya ba rawar murya, wani abu zai motsa a zuciyarta, kuma abu ne mai kyau.

To ina matsalar take?

Ta farko tana cikin ɗakin korar nan. Dubi yadda aka gina shi. Shugaban ɓangaren da ya faɗi dole ya zaɓi mutum biyu ya dawo da su gaban mai gida, ɗaya daga cikin ukun kuma dole ya tafi. Ba wata hanyar tsira sai ka nuna cewa laifin na ɗan'uwanka ne. Wanda ya ce "ni na yi kuskure" sau da yawa ya sa wa kansa hannu a takardar sallama. Wanda ya iya katse magana, ya ɗaga murya, ya tono abin da abokin aikinsa ya faɗa a mota jiya, shi ke komawa masauki. Babba yana kallon wannan yana dariya, don ya san wasa ne, ya kuma san a wurin aiki na gaske mai irin wannan hali ba ya daɗewa da abokai. Yaro ɗan shekara tara bai taɓa aiki a ko'ina ba. Abin da ya gani shi ne aiki a wurinsa: manya masu ilimi, cikin kaya masu tsada, suna cin naman juna, wanda ya fi iya ci kuma shi ake tafa wa.

An auna wannan. A 2010 Sarah Coyne ta Jami'ar Brigham Young da abokan aikinta suka zauna suka ƙirga cin zarafi a shirye-shiryen talabijin goma, biyar na gasar gaske, biyar na wasan kwaikwayo. Ba duka da naushi kaɗai suka ƙirga ba, har da zagi, da gulma, da wulaƙanci, da haɗa kai a ware mutum. Na gasar gaske suka ba da kimanin 52 a kowace awa, na wasan kwaikwayo 33. Wanda ya zo na ɗaya a cikin goman shi ne The Apprentice, da 85 a awa guda. Shirin da ba a taɓa zubar da jini a cikinsa ba ya zarce duk wasannin kwaikwayon. Shekara guda bayan haka cibiyar bincike ta ƙungiyar Girl Scouts a Amurka ta tambayi 'yan mata sama da dubu, masu shekara 11 zuwa 17. Cikin masu yawan kallon irin waɗannan shirye-shirye, kashi 37 sun yarda cewa sai ka yi ƙarya kake samun abin da kake so. Cikin waɗanda ba sa kallo, kashi 24 ne. Binciken ya haɗa kowane irin shirin gaske ne, ba na kasuwanci kaɗai ba, kuma bai nuna cewa kallon ne ya haifar da ra'ayin ba, don mai yiwuwa masu irin wannan ra'ayi ne tun farko suka fi son kallon. Ya ma gano cewa masu kallon sun fi ɗaukar kansu a matsayin shugabanni. Amma uwar da ta ga waɗannan alƙaluma ta ɗan tsaya tunani ba ta yi laifi ba.

A wurinmu abin ya fi nauyi ta wata fuska. Kasuwancin Bahaushe a kan amana ya ginu. Yaro yana zama da ubangidansa shekara da shekaru, ya fara da share shago da ɗauko kaya daga sito, a hankali a bar masa aljihun kuɗi, a aike shi Legas ko Kwatano saro kaya, ranar da aka gamsu da shi a sallame shi da jari. Kaya na miliyoyi suna tafiya daga Kano zuwa Agadas ko Kumasi a kan kalmar baki da sanayya. A wannan tsari, yaron da ya iya zame wa laifi ya ɗora wa wani shi ne farkon wanda ubangida zai daina yarda da shi. Ba ina cewa kasuwanninmu babu ha'inci da hassada ba ne. Akwai su, har da na sayarwa. Amma ko mai yi ya san abin kunya ne, yana ɓoyewa. Shirin kora ya fito da shi fili ya mai da shi gwaninta.

Matsala ta biyu ta shafi duka iri biyun, kuma ita ce yara suka fi kasa gani: abin da ake kira shirin gaske, tacacce ne. Mai neman jari a Shark Tank yakan yi kusan awa guda ana yi masa tambayoyi. Abin da ke fitowa a talabijin bai fi minti goma ba. An yanke dogon bayani a kan takardu da haraji da kwangila, an bar inda ya yi gumi, da inda ya yi hawaye, da inda attajiri ya yi masa baƙar magana, an kuma sa kiɗa mai tsinka zuciya a ƙarƙashi. Mai tallar mangwaro ma manya take jerawa a saman tire. A 2019 mujallar The New Yorker ta buga dogon rahoto a kan Mark Burnett, inda wani da ya yi aikin tace The Apprentice ya bayyana cewa wani lokaci Trump kan kori wanda ya yi ƙoƙari, sai masu tacewa su koma cikin hotunan da aka ɗauka su tsinto duk inda mutumin ya yi ɗan tuntuɓe, su jera, don korar ta yi kama da adalci.

Musafahar da ake yi a ƙarshe ma ba ita ce cinikin ba. Bayan an kashe kyamara ne lauyoyi da akantoci suke zama su binciki littattafan kamfanin. A 2016 mujallar Forbes ta bi sawun waɗanda suka ƙulla ciniki a zango bakwai na farko na Shark Tank. Su 319 ne, ta samu magana da 237. Kashi 43 cikin ɗari suka ce cinikin bai tabbata ba sam, kashi 30 kuma suka ce an canza sharuɗɗan bayan shirin. Ke nan kusan uku cikin huɗu ba su samu abin da mai kallo ya gani da idonsa ba. A ɗaya gefen kuma, hukuncin attajiran ba wahayi ba ne. A 2013 Jamie Siminoff ya kawo ƙararrawar ƙofa mai kyamara a Shark Tank, ya fita hannu rabbana. A 2018 Amazon ta sayi kamfaninsa, Ring, a kan kimanin dala biliyan ɗaya. A 2006 Rob Law ya kai akwatin tafiya na yara mai suna Trunki gaban attajiran BBC, ɗayansu ya ja igiyar ta tsinke, aka yi masa dariya. Akwatin ya zo ya cika filayen jirgin sama na duniya. Ita kuwa Stella English, wadda ta lashe The Apprentice na Ingila a 2010 aka ba ta aikin fam 100,000 a shekara, ƙarar kamfanin Alan Sugar ta kai tana cewa aikin na jeka-na-yi-ka ne. Ta faɗi a shari'ar a 2013. Tun daga 2011 dai an daina ba da aiki a shirin, an koma ba da jarin fam 250,000 a kan rabin kamfani.

Me yaro ke ɗauka daga hoton da aka tace haka? Cewa arziki abu ne na minti goma. Ka zo da dabara, ka iya baki, wani mai kuɗi ya ji daɗinka, shi ke nan ka haye. Shekarun da Krause ya yi soson nan yana jibge a kwali ba mai so, da daren da mai ƙaramin kamfani ke kwana yana tunanin albashin ma'aikata, da dubban da suka nemi shiga shirin ba a ko kira su ba, duk ba sa cikin hoton, don ba su da daɗin kallo. A lokacin da matasanmu da yawa suka riga suka kamu da ciwon neman kuɗin dare ɗaya, daga cacar ƙwallo zuwa shafukan da ke alkawarin ninka kuɗi, wannan saƙo ba ƙaramin abu ba ne.

Hujjar da ta fi tsaya mini a rai daga Tanzaniya ta fito, kuma ba ta shafi shirin zage-zage ba. A 2011 ƙungiyar Femina HIP ta yi wani shiri da Swahili mai suna Ruka Juu, gasa tsakanin matasa shida masu ƙananan sana'o'i, an tsara shi musamman don ya koyar, da kyakkyawar niyya. Wasu masana tattalin arziki daga Norway, cikinsu har da Kjetil Bjorvatn da Bertil Tungodden, suka yi gwaji da ɗalibai sama da 2,000 na makarantun sakandare a Dar es Salaam. Aka ƙarfafa wa wasu gwiwa su kalli shirin, wasu kuma su kalli fim na yau da kullum, sannan aka bi su har bayan jarrabawa. Sakamakon da aka buga a mujallar Management Science ya nuna alamun cewa sha'awar kasuwanci ta ƙaru a wurin masu kallo, musamman 'yan mata. Amma babban abin da aka gano shi ne sakamakon jarrabawarsu ya yi ƙasa, kuma waɗanda suka ci gaba da karatu a cikinsu sun ragu, ba tare da wata ƙwaƙƙwarar shaida cewa sun fi sauran kafa sana'a ba. Shirin ya cire musu son aji, bai ba su shago ba.

Wannan ya kamata ya sa kowane uba a Arewa da Nijar ya gyara zama. Mu ne muke da yaran da ke barin aji su ɗauki tiren talla, da samarin da ke cewa wane bai gama sakandare ba ga shi da motoci. Shirye-shiryen Turawan ma suna son wannan labari; ana yawan tuna wa mai kallo cewa Alan Sugar yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta ya fara sayar da kaya a bayan mota. Gaskiya ne. Abin da ba a faɗa shi ne yawan waɗanda suka bari a shekarun nan ba wanda ya sake jin labarinsu, da kuma cewa shi kansa Sugar lauyoyi da akantoci da injiniyoyi masu digiri ne suke riƙe masa harkokinsa. Yaron da ya ji rabin labarin zai iya yanke shawarar da zai yi shekara talatin yana biya.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Shirye-shiryen talla ne daga farko har ƙarshe: a The Apprentice na Amurka manyan kamfanoni irin su Burger King da masu man goge baki na Crest sun shigo da kayansu ya zama shi ne aikin mako, kuma masana halayyar yara sun daɗe da nuna cewa yaron da bai kai shekara bakwai ko takwas ba bai cika gane cewa mai talla so yake ya sayar masa ba. Akwai kayan da ake kawowa waɗanda ba za ka so a buɗe a falonka ba, giya da kayan manya da barkwanci mai harshen damo. Akwai kuma tayin bashi da ruwa, wanda Kevin O'Leary, ɗaya daga cikin attajiran Shark Tank, ya shahara da shi. Iyaye Musulmi za su so su tsaya a nan su yi bayani, kuma wuri ne mai kyau na bayani, domin ainihin tsarin shirin, wato mai kuɗi ya zuba jari a raba riba a kuma raba asara, yana kusa da abin da malaman fiƙihu suka sani da sunan musharaka, tayin ruwa kuwa wani abu ne dabam. Yaro ɗan sakandare zai gane bambancin cikin minti biyu in an nuna masa a kan misali mai rai.

Su kansu masu shirye-shiryen ba su ce na yara ƙanana ba ne. A Amurka alamar da ake sa wa Shark Tank tana nufin a kalla da jagorancin iyaye. A Birtaniya akwai ƙa'idar ƙarfe tara na dare, wadda kafin ta ba a nuna abin da bai dace da yara ba, kuma The Apprentice da ƙarfe taran ake sa shi. Da BBC ta so ta yi na matasa a 2010, sai ta yi shiri dabam na 'yan shekara 16 da 17, da kyautar fam 25,000, aka kuma sassauta harshe. Zango uku ya yi aka tsayar a 2012. Sa yara cikin gasa irin wannan ma yana da tarihinsa mara daɗi. A 2007 tashar CBS ta kai yara 40, masu shekara 8 zuwa 15, wani kangon gari a jihar New Mexico su yi kwana 40 suna tafiyar da shi da shagunansa da albashinsa, a shirin Kid Nation. Wasu suka sha sinadarin wanki bisa kuskure, wata ta ƙone da mai a kicin, aka yi ta ce-ce-ku-ce, ba a sake yin zango na biyu ba. Ko manya ma abin yana taɓa su, shi ya sa hukumar Ofcom ta Birtaniya ta tsaurara dokokin kula da lafiyar zuciyar masu shiga shirye-shirye a 2021.

Sai dai duk waɗannan shingaye na zamanin akwatin talabijin ne. Yaron Kano ko Zinder ko Zangon Accra ba ya jiran ƙarfe tara. A wayar yayansa yake ganin abin, guntu-guntu, a YouTube da TikTok da Facebook, kuma guntun da ke yawo shi ne mafi muni: inda aka ci wa wani mutunci, inda wata ta fashe da kuka, inda aka ambaci miliyoyi. An tace abin da aka riga aka tace. Lissafin da tambayoyin, wato duk abin da na yaba a sama, su ne farkon abin da ake yankewa, don ba sa jawo 'yan kallo. Saboda haka cikakken shiri na minti arba'in a falo, kowa yana zaune, ya fi guntaye ashirin a ƙarƙashin bargo aminci nesa ba kusa ba. Iyaye da yawa sun juya abin: suna tsare talabijin, sun saki waya.

Ga inda na tsaya. Yaron da bai kai shekara takwas ba babu abin da zai tsinta. Lissafin ya fi ƙarfinsa, abin da zai kwasa kawai shi ne fuskar mai fushi da muryar mai tsawa. Daga wajen shekara goma, shirin neman jari ya dace, da sharaɗin babba yana wurin, kuma babban da zai yi magana, ba wanda zai zauna yana latsa tasa wayar ba. Ba lacca ake nufi ba. A tsayar da hoton kafin attajirai su taya, a ce: kai da kuɗinka ne, za ka saka? Me ya sa? Nawa ya yi wa kamfaninsa kuɗi? In an wulaƙanta wani, a tambaya ko akwai yadda za a faɗi gaskiyar nan ba tare da an tozarta shi ba. A kuma gaya wa yaron sau ɗaya, a fili, cewa awa guda aka mai da minti goma, kuma cinikin da ya ga an tafa a kai yana iya rushewa bayan wata biyu. Shirin kora kuwa a bar shi sai yaro ya shiga babbar sakandare, lokacin da zai iya kallonsa a matsayin wasa, ya yi dariyar masu cika baki maimakon ya kwaikwaye su. Shekarun nan ba doka ba ce. Wani ɗan sha biyu ya fi wani ɗan sha shida hankali, kuma uwa ta fi kowa sanin nata.

In kuma kallon ya tayar wa yaro da sha'awa, ya zo yana cewa shi ma zai fara sana'a, kada a kashe masa gwiwa, kada kuma a bar shi da talabijin. A ba shi ɗan jari a lokacin hutu, kaji biyar ko katan ɗin sabulu, da littafin da zai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. A kai shi ya wuni a shagon kawunsa ya ga yadda ake zama tun safe har azahar ba a yi ciniki ba, da yadda ake bin bashi, da yadda ake ce wa mai taya "albarka" ba tare da an ɓata ba. Sannan a gindaya masa sharaɗi tun ranar farko, a kuma tsaya a kai: in sakamakon makaranta ya sauka, an rufe sana'ar sai wani hutun.